Takardu 323 da ba su taɓa shiga kara ba

A watan Yulin 2022, ana tsakiyar yajin aikin ASUU, na janyo wani kwalin taliya daga ƙarƙashin teburina na gida. Cikinsa takardun tambayoyi ne guda 384 na wani ɗalibina na digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma, an ɗora babi na huɗu na kundinsa a sama, an ɗaure da roba. Tun Janairu ya kawo su. Wata shida ke nan ban kwance robar ba. Da ba don zaman gida ya ishe ni ba, ga albashi an riƙe, ga babu inda za a je, da sai ana gobe za a aika kundin ga mai jarrabawa na waje zan leƙa babin, kwalin kuwa sai dai gara ta karanta shi.

Abin da ya biyo baya shi zan bayyana a nan, domin abokan aikin da aka fara danƙa wa ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ɗalibin ya karanta wannan rubutu ya amince a fitar, da sharaɗin a sakaya sunansa, kuma na sakaya na jami'ar.

Yadda aka kai ga kwalin

Malamin sakandare ne, magidanci, daga yammacin jihar Katsina. Ya shigo a 2019 da hutun karatu na shekara biyu daga wurin aikinsa. A lissafi, shekara guda ta aji, shekara guda ta bincike, sai a koma bakin aiki da takardar shaida. Sai korona ta rufe makarantu a Maris ɗin 2020, ASUU kuma ta tafi yajin aikin da ba a janye ba sai Disamba. Kafin ya gama jarrabawar aji, hutunsa ya kusa ƙarewa, bai ko rubuta babi na ɗaya ba.

A Yulin 2021 ya kare tsarin bincikensa a gaban sashe, abin da ɗalibai ke kira difens ɗin furofozal. Batun mai kyau ne: yadda kuɗin sa guda ke rarrabuwa tsakanin makiyayi da dillali da falke a wasu kara huɗu na yammacin Katsina. Ya san harkar tun yana yaro, kawunsa dillali ne, ya sha riƙe masa igiya a kara lokacin hutu. Da na ji haka sai na saki jiki, na ce wannan ba sai an bi shi ba.

Kuskuren farko a ranar aka yi shi, kuma da hannuna a ciki. Ya rubuta cewa zai tambayi mutum 384. Duk wanda ya taɓa zama a difens a ƙasar nan ya san wannan lamba. Daga jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 take, inda yawan mutanen da za a tambaya ke tsayawa a 384 idan al'ummar da ake bincike a kanta ta yi yawa ƙwarai. Ɗalibai kan ɗauke ta kamar laya, su rataya wa kowane bincike. Amma dillalai da fatake na kara huɗu ba miliyan ba ne. Babu wanda ya tambaye shi su nawa ne, ko a ina zai samu jerin sunayensu, ko kuɗin mota nawa zai ci kafin ya cike takarda 384 shi kaɗai, alhali kowace kara sau ɗaya take ci a mako. Mun ɓata awa guda muna gardama a kan kalma biyu a take, sannan aka ci samosa aka watse.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar daƙile 'yan bindiga. An rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure, an hana fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi, an hana sayar da fetur a jarka, an kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Jibia da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Duk kara huɗun da ɗalibina ya zaɓa suna cikin waɗanda abin ya shafa. Na ji labarin a rediyo kamar kowa, har na yi sharhi a kansa a majalisarmu ta bayan isha'i, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa ina da ɗalibi a can. A Disamba magatakardar sashe ya kawo fom ɗin rahoton ci gaban ɗalibai, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta "aiki na tafiya", na sa hannu.

Abin da takardun suka faɗa

Babi na huɗu ba shi da aibu, kuma wannan ne ya fara damuna. Kowane hasashe ya tabbata. Ma'aunin Cronbach, mai auna daidaituwar amsoshin tambayoyi, ya haura 0.7 yadda littafi yake so. A cewar babin, babu amsa ko ɗaya da ta ɓace cikin takardu 384. Na shekara da shekaru ina aika ɗalibai ƙauye, ban taɓa ganin an dawo da takardu cikakku haka ba. Sai na zube kwalin a tabarma.

Takardun sun rabu gida biyu tun kafin in karanta komai. Wasu sun yi ja da ƙura, an ninke su huɗu kamar an cusa a aljihu, ɗaya ma da tabon goro. Na ƙirga, 61 ne, duk kwanan watansu na Agusta ne. Sauran 323 farare tas, ko lanƙwasa babu, sai ƙanshin shagon fotokwafi.

A cikin masu dattin, shekarun mutane 40 ne, 50, 35, 60. Haka mutanenmu ke faɗar shekaru, kuma masana ƙidaya sun daɗe da sanin wannan, cewa inda ba a ajiye takardar haihuwa, amsoshi kan taru a lambobin da ke ƙarewa da sifiri ko biyar. A cikin fararen kuwa sai ka ga 37, 43, 52, 29. Mai ƙirƙirar amsa yana tsoron lamba mai dunƙule, gani yake za ta tona shi, sai ya yi ta warwatsa su, bai san warwatsawar ce ke tona shi ba. Tambaya ta goma sha bakwai tana neman abin da dillali ke samu a mako. A masu dattin fiye da rabi an bar wurin fayau, a wasu ɗalibin ya rubuta da fensir a gefe, "ya ce sai godiya". Wane dillali ne zai faɗa wa baƙo mai biro da takarda la'adarsa ta mako, a tsakiyar kara, abokan sana'a na saurare? Amma duk mutum 323 ɗin nan sun faɗa, har da 'yan canji. Masu difloma da NCE a cikinsu sun fi na ɗakin malaman wata makarantar yawa. Rubutun hannu iri uku ne kacal.

Na bar kwanan wata a ƙarshe, don na riga na san abin da zan gani. Satumba, Oktoba, Nuwamba 2021, a kara da doka ta rufe.

Wani abu da ya kamata sabon mai duba ɗalibi ya sani: manhajar Turnitin da makarantun gaba da digiri ke dogaro da ita ba za ta taɓa kama wannan ba. Tana kama wanda ya kwafi rubutun wani. Wanda ya ƙirƙiri amsa kuwa nasa ya rubuta, fes zai wuce.

Zama a gindin darbejiya

Ban kira shi nan take ba. Na kwana uku ina fushi, kuma na san in na yi magana a cikin fushin, abin da zan samu rantsuwa ce. A rana ta huɗu na ce ya zo gida bayan la'asar. Ya zo da ledar lemo, ya durƙusa har ƙasa, na ce ya hau tabarma ya ƙi, sai da na matsa. Na ajiye tarin biyu a gabansa, na zaro ɗaya daga cikin fararen.

"Malam, ranar da aka cike wannan, a wace kara kake?"

Ya dubi takardar ya daɗe. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam," sai ya yi shiru. Ni ma na yi shiru. Har mai gyaɗa ta zo ta wuce.

Da ya buɗe baki bai yi gardama ba. Guda 61 shi ya cike su da kansa a makonni ukun da suka gabaci dokar. Bayan an rufe kara ya jira wata biyu ko za a buɗe. Ya gwada zuwa gidajen dillalai, sau ɗaya aka tare hanya bayan motarsu ta wuce da 'yan mintoci, matarsa ta ce in ya sake fita ita ma gidansu za ta tafi. Ga wasiƙa daga wurin aiki cewa hutu ya ƙare, in bai dawo ba za a tsayar da albashi. Sai ya zauna da tsofaffin ɗalibansa biyu, dare uku, suna duba amsoshin 61 ɗin suna kwaikwayo. Lissafin kuma wani mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar jami'a ya yi masa da manhajar lissafi ta SPSS, ya kuma ɗan taɓa wasu lambobi har sakamako ya fito "yadda malamai ke so".

"To me ya hana ka gaya mini an rufe kara?"

"Na zo sau uku, ranka ya daɗe. Na farko aka ce kuna taro. Na biyu na same ku za ku shiga mota, kuka ce ya aikin fili, na ce alhamdu lillahi, kuka ce to a hanzarta. Na uku kuna da baƙi."

Na tuna ranar motar sarai. Ya ƙara da cewa wani ɗalibi da ya riga shi ya gaya masa sauya take yana nufin komawa gaban sashe, daga nan kwamitin tsangaya, daga nan makarantar gaba da digiri, kuma duk zangon da aka ƙara sai an sake biyan kuɗin rajista. Wannan gaskiya ne. Bai san cewa ana iya sauya wurin bincike ko hanyar tattara bayani da wasiƙa guda idan mai duba aiki ya goyi baya ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa, kuma ni ne wanda ya kamata ya gaya masa.

A nan ne na fi daɗewa ina tunani daga baya. Mun taso a tarbiyyar da almajiri ba ya kai wa malaminsa mugun labari a tsaye. Ka tambayi ɗalibi "ya aiki?" amsa ɗaya ce, ko da gidansa na ci da wuta. Wannan gaisuwa ce, shi ya san gaisuwa ce, ni ma na sani, amma na karɓe ta a matsayin rahoto saboda ta fi mini sauƙi. Ina da ɗalibai goma sha ɗaya na gaba da digiri a lokacin, ban da 'yan aji huɗu masu furojet, ban da wata jami'ar da nake zuwa koyarwa duk mako biyu don cike giɓin albashi. Duk ɗalibin da ya ce alhamdu lillahi ya rage mini kaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan bai wanke shi ba. Mutum ne mai koyar da 'ya'yan mutane, ya san abin da ya yi, har ya jawo yara biyu ciki.

Shawarar da aka yanke

Hanya uku ce a gabana. In kai ƙara a hukumance a matsayin maguɗi, wanda ƙarshensa kora ne. Ko in mayar da kwalin ƙarƙashin tebur, in gyara Turancin babin, a wuce, kamar yadda na san ana yi. Ko a zubar da na ƙaryar a sake aiki.

Mataimakiyata a duba aikin, wata Dakta da ta zo sashen bayana da shekaru, ba ta ɓoye ra'ayinta ba da na kira ta. Ta ce, "Yallaɓai, yaro ɗan aji ɗaya in an kama shi da guntuwar takarda a jarrabawa korarsa muke yi. Wannan ya rubuta ƙarya 323, don yana da gemu sai mu lallaɓa shi?" Na ce ai bai miƙa kundin don jarrabawa ba tukuna, daftari ne ya kawo wa malaminsa, kuma aikin malami ke nan ya tare ɓarna kafin ta kai can. Ta ce ya kawo ne a matsayin gaskiya, kuma da ban buɗe kwalin ba da tuni ya wuce. Ba ni da amsar wannan. Ta kuma faɗi abin da ya fi ciwo, cewa ina son a yi sassauci ne don in an buɗe fayil za a ga sa hannuna a fom ɗin Disamba.

Abin da muka tsaya a kai shi ne ba za a binne maganar ba. Da aka janye yajin aiki ranar 14 ga Oktoba 2022, wata takwas cif bayan farawa, muka kai wa shugaban sashe wasiƙa biyu. Ta ɗalibin ta faɗi abin da ya yi da adadin takardun, ba tare da kwana-kwana ba. Tawa ta faɗi cewa na amince da adadin da ba zai yiwu ba, na sa hannu a rahoton ci gaba ban ga komai ba, na kuma riƙe babi wata shida. Rubuta wannan sakin layi ya fi mini wuya fiye da duk wata takarda da na taɓa bugawa a mujalla. Kwamitin sashe ya zauna, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka sa masa takardar gargaɗi a fayil, aka soke babi na uku da na huɗu, aka ce ya sake kare sabon tsari, aka ba shi ƙarin zango guda a kan kuɗinsa. Ni kuma aka hana ni sababbin ɗalibai a shekarar, abin da na karɓa a matsayin horo ko da yake, gaskiya, hutu ne.

Aikin na biyu

Tambayar da ta dace tana gabansa tun Satumban 2021, tsoro ne ya hana shi ganinta: da aka rufe kara, ina shanun suka tafi? Wa ya ci riba, wa ya faɗi? Muka mayar da binciken kan wannan. Takardu 61 na gaskiya suka zama hoton yadda ciniki yake kafin rufewa, ba tare da ɗora musu lissafin da ba za su iya ɗauka ba. Sauran aikin hira ce, doguwa, da dillalai da fatake da 'yan lodi da direbobin tirela da mahauta. Ya koma bakin aikinsa na koyarwa, yana fita ranakun kasuwa kawai, kuma mun yarda ba zai bi hanyar da mutanen gari suka ce kada a bi ba, ko da bincike zai rasa wani abu.

Na sa sharuɗɗa. Kowace hira a naɗe ta a waya da izinin mai magana. Littafin fili guda, kowane shafi da rana da wuri da wanda ya haɗa shi da mutumin. Duk mako biyu mu zauna minti talatin, ko a ofis ko ta waya, kuma na daina tambayar "ya aiki?" Sai in ce, "Mutum nawa ka gani tun zamanmu na baya? Wa ya ƙi magana? Kunna mini ta ranar Lahadi daga minti na goma." Irin wannan tambaya alhamdu lillahi ba ta amsa ta. Lissafi kuma a gabana ya koya, a kwamfutata, har ya iya bayyana kowace lamba da bakinsa.

Da yake wasu fataken sun ce sun karkata zuwa kasuwannin jihohin maƙwabta a lokacin rufewar, ya bi sawunsu zuwa Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a. Na raka shi Wudil sau ɗaya. A nan na ga abin da fom ba ya nunawa. Ya tsuguna kusa da wani dattijon dillali, suka yi kusan awa suna maganar wani bajimi da aka yi wa tayi aka ce albarka, bai fito da biro ba sam. Sai da ciniki ya faɗa aka tafa, sannan dattijon da kansa ya shiga ba shi labarin yadda a watannin rufewa ciniki ya koma bayan gari da cikin gidaje, da yadda makiyayin da ke neman kuɗin hatsi ya riƙa sallamawa ga duk wanda ya iya isa gare shi, tunda babu kara da zai ji farashi, babu kuma waya da zai tambaya. A hanyar dawowa na ce masa ai wannan ne aikin da ya kamata mu tsara tun farko. Ya ce shi ma ya fi son haka, amma ya ɗauka bincike ba ya cika sai da jadawali da lambobi, don abin da ya ga kowa na yi ke nan.

A farkon 2023 wata matsalar ta sake faɗowa. Canjin takardun naira da Babban Banki ya sanar a Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a Janairu da Fabrairu, kuma kara da tsabar kuɗi take ci. Bafulatanin da ya taho da sa daga ruga ba ya karɓar taransifa. A wannan karon wayata ta yi ƙara tun yana tsaye a cikin karar. "Malam, yau ba ciniki, shanu sun cika amma ba kuɗi." Na ce ya zauna ya rubuta abin da yake gani, ya tambayi masu POS nawa suke cira. Abin ya zama sashe guda a babi na biyar.

Ya kare kundin a ƙarshen 2023, shekara huɗu da 'yan watanni bayan shigowarsa karatun da aka tsara wa shekara biyu. Mai jarrabawa na waje, wani farfesa da ba ya wasa, ya buɗe babi na uku ya tambaye shi me ya sa takardu 61 kawai, a ina aka taɓa yin haka. Ɗalibin ya ce dokar rufe kara ce ta tsayar da shi, ya nuna littafin filinsa. Farfesan ya juya shafukan, ya nemi a kunna masa hira guda, ya saurara har minti biyar, sannan ya koma kan kurakuran rubutu. An ba shi gyara ƙanana. Dakta ta sa hannu, amma har yau ra'ayinta bai sauya ba, tana ganin mun yi sassauci, kuma idan maganar ta taso a ɗakin shan shayi takan faɗa a gabana.

A makon da muka kai wasiƙun nan ga shugaban sashe, na aika wa sauran ɗalibaina da suka gama aikin fili saƙo cewa kowa ya kawo mini ainihin takardunsa, ba jadawalin da aka fitar daga cikinsu ba. Su huɗu ne. Biyu sun kawo kafin Juma'a. Ɗaya ya nemi mako biyu, ya kawo. Na huɗun ya ce ruwan sama ya shiga ɗakinsa a damina, duk sun lalace.